Hannatu, Gwaggo da Rigar Sallah

Bari in share fage tun da wuri, domin na san akwai wanda da ya ji sunan littafin da zan ambata zai ɗaga kai ya dube ni. Ni Musulmi ne, kuma ba wa'azi ya kawo ni wannan fili ba. Wani labari ne na ci karo da shi wajen aikin aji, ya fama mini tsohon miki, na ga in ban rubuta ba ba zan sami sukuni ba.

A farkon shekarar 2024 malaminmu na darasin fassara ya ba mu aiki, ya ce kowa ya nemo wani dogon rubutu da aka fassara zuwa Hausa, ya duba yadda masu fassarar suka yi da sunayen mutane da na garuruwa. Wasu suka ɗauki Dare Dubu da Ɗaya, wasu suka nufi takardun gwamnati. Ni da na makara, sai na tarar ba abin da ya rage a kantar ɗakin karatu sai Littafi Mai Tsarki na Kirista. Cikakkiyar fassararsa ta farko ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi wa jagora, wadda na samu kuwa ita ce ta 1979. Aikin bai yi mini wuya ba da farko, don kuwa masu fassarar sun bi sunayen da Bahaushe ya riga ya sani, su Ibrahim da Musa da Dawuda da Sulemanu. Ina cikin jera su sai na iso kan Sama'ila. A wajenmu Sama'ila shi ne Isma'ila, sauƙin faɗa ne kawai. Amma a littafin nan ɗan Ibrahim sunansa Isma'ilu, Sama'ila kuwa wani mutum ne daban, wanda Turawa ke kira Samuel. Nan na ajiye biro, domin akwai wata mata da ta yi shekara uku tana kira na da wannan suna, ina ce mata ba sunana ba ne, tana dariya.

Sai na koma baya kaɗan kafin mai karatu ya gane. An haife ni a Ɗambatta a shekarar 2000, ni ne ɗan fari. Yayar mahaifina, wadda nake kira Gwaggo, tana aure a Onitsha, garin da mutanenmu ke kira Anaca. Mijinta dillalin shanu ne, irin mutanen nan da suka je Kurmi da niyyar wata uku suka share shekara talatin. Lokacin da aka haife ni Gwaggo ta shekara goma sha huɗu a ɗakinta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An yi mata kishiya, Amarya kuwa cikin shekara bakwai ta zuba 'ya'ya huɗu. Da na kai shekara uku, a 2003, sai aka haɗa kayana a ƙaramar jaka aka miƙa ni ga Gwaggo. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Riƙo tsohuwar al'ada ce, ɗan fari kuwa shi ne mafi sauƙin bayarwa, tun da ga al'ada uwarsa kunyarsa take ji, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana cewa ɗa na kowa ne. Ba a dai taɓa tambayar ɗan ba.

Gidan da muke haya a Anaca na wani dattijo ne Ibo, ɗakuna jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Yawancinmu 'yan Arewa ne, masu albasa, masu wake, masu canji, da mai shayi guda. A ɗakin da ke kusa da na Gwaggo akwai matar wani ɗan sanda, mutuniyar Wusasa, Kirista, Hausarta ta Zazzagawa tsantsa. Mama muke ce mata. Ita da Gwaggo sun shaƙu ƙwarai, tare suke tsince shinkafa, tare suke zuwa kasuwa, in ɗaya ta yi miyar kuka sai ta zuba wa ɗaya. Ita ce mai kira na Sama'ila. Gwaggo ta ɗauka Annabi Isma'ila take nufi, takan ce, "To, Allah Ya ba shi albarkar mai sunan." Sai bayan shekara ashirin, a ɗakin karatu, na gane ashe wani Sama'ilan ne a ran Mama.

Ga labarin yadda yake a farkon littafin Sama'ila na ɗaya, da bakina zan ba da shi. Wani mutum ne mai suna Elkana, daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, yana da mata biyu, Hannatu da Feninna. Feninna na da 'ya'ya, Hannatu ba ta da ko ɗaya. Kowace shekara yakan kwashi iyalinsa su tafi Shilo yin hadaya, kuma kowace shekara a wannan tafiya Feninna ke buɗe wa Hannatu jakar gori har ta yi ta kuka ta kasa cin abinci. Mijin yana son ta, yakan lallashe ta, har ya tambaye ta ko shi bai fiye mata 'ya'ya maza goma ba. Wata shekara sai ta tashi ta tafi wurin ibada tana addu'a cikin zuciyarta, leɓunanta na motsi amma ba a jin murya. Eli, tsohon firist ɗin wurin, yana zaune bakin ƙofa, da ya gan ta sai ya zaci maye take yi, ya tsawata mata. Ta gaya masa ba giya ba ce, baƙin ciki ne. A addu'ar nan ta yi bakance cewa in aka ba ta ɗa namiji za ta mayar da shi ga Ubangiji muddin ransa. Ta sami ɗan, ta sa masa suna Sama'ila, da ta yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi hannun Eli, ta juya gida.

Duk wanda ya yi karatun Alƙur'ani zai ji labarin bai yi masa baƙunta ba. A Suratu Ali Imrana akwai matar Imrana da ta yi bakancen abin da ke cikinta, malaman tafsiri kuma sun ce sunanta Hannatu, ita ce mahaifiyar Nana Maryamu. A nan kusa kuma ga Annabi Zakariyya yana roƙon magaji bayan tsufa ya kama shi. Hannatun biyu ba ɗaya ba ce, tsakaninsu akwai ɗaruruwan shekaru, amma kukan iri ɗaya ne.

Da na fara karantawa, Gwaggo na gani a Hannatu, kuma kowa ma ita zai gani. Na ga gorin da idona. Amarya ba muguwa ba ce, Allah Ya sani, ta ciyar da ni kamar nata, amma harshe ba shi da ƙashi. In yaro ya yi ɓarna Gwaggo ta ɗaga hannu, sai ka ji daga ɗaki ana cewa wanda bai san zafin naƙuda ba ai dukan ɗa ba ya yi masa wuya. Kalmar juya kuwa ban taɓa jin an faɗa mata a fuska ba, a bakin famfo ake faɗa, in ta ba da baya. Ɗalibin harshe ya lura da kyau, muna da sunan da muke kiran macen da ba ta haihu ba, muna da na wadda 'ya'yanta ke mutuwa, wato mai wabi, amma ka nemo mini kalma ɗaya da ake jifan namiji da ita a bakin famfo. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Tambayar Elkana ma na ji ta da Hausa. Baba Alhaji yakan ce, "Wai me kika rasa a gidan nan?" Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma magana ce ta wanda 'ya'yansa ke wasa a tsakar gida.

Neman magani kuwa ba irin wanda Gwaggo ba ta yi ba. Rubutu ta sha har allo ya gaji. An kawo mata saiwoyi daga Ɗambatta, an kawo na mutanen Kurmi. Har Fatakwal ta je wajen wani likitan mata, ta sauka gidan ƙanen mijinta a Diobu, ta yi mako biyu ana gwaje-gwaje, aka ce hanyoyin ƙwai ne suka toshe, aka faɗi kuɗin aiki, ta dawo ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin katifa. Addu'a kuwa ban san farkonta ba. Na dai san in na farka da asuba nakan gan ta zaune kan darduma, fitilar ƙwai na ci, leɓunanta na motsi ba a jin komai.

To amma a nan labarin ya rabu da Gwaggo. Hannatu ta samu, bayan Sama'ila ma littafin ya ce ta ƙara maza uku da mata biyu. Gwaggo ba ta samu ba, har jini ya ɗauke mata. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasu masu wa'azi, namu da nasu, ke ba da irin waɗannan labarai kamar ciniki, wai ka dage da roƙo za a ba ka. In haka ne, me za a ce da matar da ta yi shekara talatin tana roƙo? A ce ba ta iya ba? Mu dai an karantar da mu cewa Allah na ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa, kuma ba a ce na ƙarshen nan laifi ya yi ba. Ko a labarin Hannatu akwai wani wuri da ake tsallakewa. Bayan ta gama addu'a Eli ya sallame ta, sai ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta washe. A lokacin ba ciki, ba alamar ciki. Wannan Hannatun, mai cin abinci tun ba a amsa mata ba, ita ce ta yi kama da Gwaggon da na sani.

Da na shiga sura ta biyu sai lissafina ya rushe. An ce kowace shekara in sun zo hadaya, mahaifiyar Sama'ila takan ɗinka masa 'yar riga ta kawo masa. Layi ɗaya ne tak, aka wuce. Ni kuwa na kasa wucewa, domin nan na gane abin da Mama ke gani in ta kira ni Sama'ila. Ba Gwaggo ce Hannatunta ba. Inna ce, wadda ta haife ni ta bayar.

Kowane azumi, wajen goman ƙarshe, riga na zuwa mini daga Ɗambatta. Direban tirelar shanu ke kawo ta, ta biyo ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo, ta kwana biyu ko uku a hanya, a ƙulle cikin leda tare da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa na Gwaggo. Sai an wanke ta sau biyu kafin warin shanu ya fita. Ba wasiƙa, ba saƙon baki. Kuma kullum ta yi mini yawa, hannun ya rufe yatsuna, gindin yana share ƙasa, 'ya'yan Amarya suna kira na mai rigar aro. Tun ina ƙarami na yanke hukunci a raina: matar nan ba ta ma san girmana ba. In mun je gida, wanda ba ya wuce sau ɗaya a shekara biyu, sai hukuncin ya ƙara tabbata. Takan rungumi ƙannena, ni kuwa ta dube ni a kaikaice ta ce, "Ɗan Kurmi, an zo lafiya?" shi ke nan.

Abin da ya ƙulle zuciyata gaba ɗaya shi ne na 2006. A watan Fabrairu na shekarar, bayan zanen ɓatancin da aka buga a ƙasar Denmark, an yi tarzoma a Maiduguri aka kashe Kiristoci, da yawansu Ibo. Da gawarwaki suka isa gida sai ramuwa ta tashi a Anaca a kan 'yan Arewa, aka kashe mutane, aka ƙone masallatai. Wasu suka tsallaka gadar Neja zuwa Asaba, wasu suka shige barikin soja. Ina da shekara shida. Abin da na riƙe shi ne mai gidanmu ya kulle mu a ɗakin ajiyarsa har dare, sannan Gwaggo ta goya ni, ƙaton yaro, har bariki, Mama na gefenta da ƙullin kaya a ka. Ita ma gudu take, don masu farautar mutane ba su tambayi addininta ba, Hausar bakinta ta ishe su. A barikin nan muka rabu da Mama, ban sake ganin ta ba. Rigar Sallar 2005 kuwa ta tafi tare da sauran kayan ɗaki.

Da ƙura ta lafa, mahaifina ya aiko a dawo masa da ɗansa. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ita da kanta ta kawo ni Ɗambatta, ta zauna a ɗakin Inna ta ce, "Ga amanarku, na kawo muku shi da ransa." Ina bakin ƙofa ina ji. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Yaya, abin da aka bayar ai an bayar. Ki koma da ɗanki." Ga kunnen yaro ɗan shekara shida, ma'anar wannan magana ɗaya ce, an ƙi ni karo na biyu. Na riƙe ta shekara goma sha takwas.

Ba mu koma Anaca ba. Baba Alhaji ya mai da harkarsa Garkin Ugwuoba, kan hanyar Inugu, mu kuma muka kama haya a cikin Inugu kusa da 'yan uwanmu. Nan na yi firamare da sakandare, na iya Ibo har in ina ciniki ba a gane ni. Tsofaffin unguwa sukan yi alfahari da Malam Umaru Altine, Bafillacen Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, suna faɗa suna girgiza kai, wai da can haka zama yake. Riga dai ba ta fasa zuwa ba, kuma ba ta fasa yin yawa ba, har 2017. A 2018 na dawo Arewa.

Tambayar da layin nan ɗaya ya dasa mini ita ce, ta yaya Hannatu ke sanin girman yaron da ta shekara ba ta gani ba? Littafin bai faɗa ba. Na yi ta juya abin. Tana zaune a Rama tana ɗinki, tana ƙiyasta kafaɗar da ba ta taɓa ba tun bara. In ta rage, ba ta shiga. Dole ta ƙara. A karo na farko a rayuwata sai na yi tunanin wataƙila yawan rigar nan ba rashin sani ba ne. Amma tunani ne kawai, ban gaya wa kowa ba.

Da hutun Babbar Sallah ta 2024 na je Ɗambatta, ana shirin bikin ƙanwata. Aka sa ni sauko da tsohuwar adakar Inna don a zaɓi kwanukan da za a kai ɗakin amarya. A can ƙasa sai ga wani gwangwanin madara, na buɗe na ga zarurruka a nannaɗe, kowanne da ƙulli uku. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Lah, awonka ne, Yaya." Na ce awon me? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu. Ashe kowa a gidan ya sani sai ni. Kowace shekara kafin azumi Gwaggo kan aiko da zare ta hannun direba, ƙulli ɗaya na faɗin kafaɗa, ɗaya na tsawon hannu, ɗaya na tsawon riga. Inna ta kai wa tela da kanta, ta tsaya a kansa ta ce ya ƙara yatsu huɗu a ko'ina, wai yaran Kurmi doya suke ci, saurin girma gare su, kada rigar ta matse shi kafin wata Sallar. In tela ya gama ta karɓe zarenta.

Sai a lokacin na tuna. Gwaggo kan kira ni ta ce, "Zo nan in gwada ka, in ga ko tuwona na shiga jikinka." Ta miƙa zare daga kafaɗa zuwa kafaɗa tana yi mini cakulkuli. Ni duk zatona wasa ne.

Na zauna na warware su a kan tabarma, na jera daga ƙarami zuwa babba. Goma sha biyar ne cif. Na farkon bai fi tsawon hannuna na yanzu ba. Na 2006 yana nan, shekarar da muka rasa komai, ban san inda Gwaggo ta sami sukunin tuna zare ba.

Na ɗauki gwangwanin na sami Inna a madafi tana tankaɗe. Na ce, "Inna, waɗannan fa?" Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya kaɗan a kan rariya, sannan ya ci gaba. Ta ce, "Mayar da su inda ka gan su. Ajiyar Yaya ce." Na tsaya ina jiran ƙari, ta ce in miƙo mata ƙwaryar can.

Littafin ya ce da Sama'ila ya girma ya zama mai shari'a, a Rama ya kafa gidansa, garin iyayensa, can kuma aka binne shi. Bai faɗa ko ya tarar da Hannatu da rai ba, bai kuma faɗa ko sun taɓa zama sun yi maganar rigunan ba. Ni na tarar da tawa, ga iyakar abin da muka iya cewa.

Da dare na buga wa Gwaggo waya. Tana nan Inugu, Baba Alhaji ya rasu, babban ɗan Amarya ke riƙe da ita, ta ƙi dawowa gida wai sanyin Arewa ba ya yi mata. Na gaya mata abin da na gani. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ni zare kawai na aika, ɗan nan. Mai ɗinki ita ke da aiki." Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba? Ta ce ba a tambaye ta ba. Sannan ta ce an gaya mata karatu ya ramar da ni, in na zo hutu za ta gwada ni ta gani da idonta.